Ɗanja a Hannun Dama

Turaku biyu ne a ƙofar gidan Maigarin Tungar Maje, kuma da gari ya waye babu komai a jikinsu sai guntayen igiya. Shanun huɗar Sa'idu, waɗanda kotu ta kama jiya da la'asar saboda bashin taki, sun yi ɓatan dabo.

Kafin a kira Makau mai bin sawu, rabin gari ya riga ya tattake wurin. Shi ya sa ya iso yana faɗa tun daga nesa.

"Ku ja da baya! Kowa ya zo ya sa ƙahwa, sai ka ce goro aka rabo. To ku nemo su da bakinku mana!"

Tsoho ne siriri, mai saurin fushi da saurin hucewa. Ya yi kiwo da ƙuruciya, ya yi farauta, kuma daga Adabka har bakin Anka in akuya ta ɓata shi ake aika wa babur. Idan kuka haɗu, sai ya gama kallon ƙafarka kafin ya amsa gaisuwarka.

Baƙi biyu ne suka kwana a zauren Maigari, don hanyar nan ba mai hankalin da ke bin ta in rana ta yi sanyi saboda 'yan bindiga. Ɗaya Malam Hayatu ne, masinjan kotu daga Bukkuyum, wanda ya ɗaure shanun da hannunsa. Ɗayan Naziru ne, yaron wani Alhaji mai sayar da taki a Gummi, wanda aikinsa ke nan bin ƙauyuka yana karɓo bashi. Yana zaune kan tabarma a inuwar zaure, ya miƙe ƙafafu cikin takalmi sau-ciki da safa, bakinsa kuwa bai huta ba.

"Mi za a tsaya nema?" in ji shi. "Mai shanu ya san inda yak kai abinshi. In ba shi ba, to Fulanin bayan rahi na. Biyu ta, babu ta ukku."

Hayatu ya matso kusa da Makau, ya rage murya.

"Baba, ni ba ni da gaba da kowa. Amma tun jiya shanun nan amanar kotu ne. In ban koma da su ba, da Sa'idu zan koma. Kuma in babu shanu, abin da ya rage a hannunsa da za a kama gona ce."

Gonar nan da Makau aka sare ta, shi da mahaifin Sa'idu, tun suna da ƙarfin ɗaga gatari. Ya waiwaya ya ga Sa'idu tsugune a gindin bango, ya haɗa kai da gwiwa, mutane sun bar fili tsakaninsu da shi kamar mai ƙyanda.

* * *

An yi ruwa jiya da rana, ƙasa tana da taushi. Makau ya durƙusa a gindin turke yana share sawun 'yan kallo da idonsa, yana neman abin da ke ƙarƙashi.

Abu na farko da ya gani bai yi masa daɗi ba. Dusa ce a watse, kuma kusa da ita ga sawun takalmin taya mai faci a dunduniya. Duk garin mutum ɗaya ne ke da wannan facin.

Ya tashi ya je ya tsaya a kan Sa'idu.

"Ɗaga kanka ka dube ni. Ka zo nan bayan an ɗaure su?"

"Na zo, Baba."

Wurin ya ɗauki guna-guni. Naziru ya tafa hannu. "Kun ji ko! Da bakinshi!"

"Kai, yaro, rufa mana baki," Makau ya ce ba tare da ya juya ba. "Yaushe?"

"Kahin kiran assalatu. Ba su saba kwana waje ba, kuma ba wanda yab ba su komi. Na kawo musu dusa, na shahwa kansu, na tahi masallaci. Wallahi ɗaure nib bar su."

"Igiyar wa ta?"

"Tawa ta. Ni nit tuƙa ta."

Makau ya ɗaga guntun igiyar. Da wuƙa aka yanke ta, alhali ƙullin na zarge ne, wanda jan bakinsa kawai zai kwance shi. Wannan ya ɗan sanyaya masa rai, amma bai isa hujja ba. Mai wayo yana iya yanke igiyarsa don a ce ba shi ba ne.

A kan dusar akwai wani sawu kuma, na silifas ɗin roba irin wanda ake ajiyewa a ƙofar kowane zaure don alwala. Kai, wannan ai bai gaya wa mutum komai ba. Ko liman irinsa yake sawa.

"Malam Hayatu, ba ka ji motsi ba?"

Hayatu ya sosa ƙeya, kunya ta kama shi. "Gajiya ta yi mini yawa, Baba. Da asuba Naziru ya fita da buta, ya ce furar da aka ba mu ta ɓata masa ciki. Shi ma ya ce bai ga kowa ba. Ni da na fito daga masallaci ban ko dubi turke ba, sai da ihu ya tashi."

* * *

Saratu, matar Sa'idu, ta bayan zana ta yi magana da Makau, muryarta a dishe don kuka.

"Baba, wanga bashi ya hana mu shan ruwa da daɗi. Bara munka ɗauki taki, sai mutanen daji masu bindiga sunka hana kowa zuwa gonakin nesa, abin da munka samu ko ci bai kai ba. Tun daga nan duk ranar kasuwa sai Naziru ya zo. Shi shimhiɗa tabarma ƙohwar gida, duk wanda yaz zo wucewa shi kira shi shi gaya mai abin da aka bin mu. Ran nan kaji biyu yak kama, wai kuɗin man babur."

"Sa'idu bai taɓa cewa zai ɓoye shanun ba?"

Ta matso jikin zanar.

"Ya taɓa hwaɗi," ta ce a hankali. "Da zahin rai. Na ce mai in ya yi haka gona za su ɗauka. Naziru ma ai ba shanu ad damuwarshi ba. Kullum sai ya ce a kai shi shi ga iyakar gona. Shi yi ta yawo can wajen tudu shina tsintar tsakuwa shina zubawa aljihu, kamar ƙaramin yaro."

A ƙasar nan babba ba ya tsintar tsakuwa don wasa. Tun da aka fara samun zinari, duk wanda ka ga yana juya dutse a hannu yana duba shi a rana, ka san abin da yake nema.

* * *

Sawun shanun ya bi ta bayan gari, ya gangara ya nufi rafi, wajen rugar Modibbo. Da samari suka ga inda aka dosa sai suka fara komawa gida suna fitowa da gora, wani har da bindigar toka. Makau ya tsaya cak a tsakiyar hanya.

"Ranka shi daɗe," ya ce wa Maigari, "in ɗaya daga cikin yaran ga ya ƙetare rahin nan, na ajiye aikin ga, ku nemi wani. Kun san abin da ka biyo bayan irin wagga tahiya. Ƙauye nawa sunka tashi a kan saniya guda?"

Maigari ya daka musu tsawa, suka koma suna ƙunƙuni. Makau ya ƙetare shi kaɗai.

Modibbo yana tsaye a bakin ruga da sandarsa a kafaɗa. Labari ya riga Makau isowa, matan rugar har sun fara ɗaure ƙore don shirin gudu.

"Jam waali, Modibbo," Makau ya gaishe shi da Fillanci.

"Jam, Makau. Kai ma ka zo ka ce mu ne?"

"Na zo in ari idonka. Nawa guda ya fara hazo."

Suka bi sawun tare. Bai shiga rugar ba, ta gefenta ya ratsa, kamar da gangan aka so a goga mata laifi. Ba su yi nisa ba Modibbo ya yi tsaki.

"Dubi nan. Wuya da wuya aka haɗa su da igiya guda, mutum yana gaba yana ja. Wane Bafillace ne zai yi haka? Mu kira muke, su biyo."

"Na gani. Amma Sa'idu hwa? Shi da igiya yas saba."

Wannan ce tambayar da ke cin Makau tun safe. Ya tsuguna ya ƙura wa ƙasa ido. Tafiyar shanun ba ta da kyau ko kaɗan. Su yi 'yan taku, sai sawu ya cakuɗe, wannan ya tura wancan, wancan ya nemi zagayawa ta bayan ɗan'uwansa, igiya ta hana. Can gaba kuma haka. Dabbobin da suka shekara suna jan garma tare, me zai sa su yi ta kokawa a hanya?

Sai ya tuna da sawun jiya, wanda ya gani a hanyar gidan Sa'idu, lokacin da Sa'idu da kansa ya koro su zuwa ƙofar Maigari. A miƙe yake tsaf, layi biyu. Jan bijimin, Ɗanja, yana da tsagaggen kofato a ƙafar baya, kuma jiya tsagar nan a hannun dama take. Makau ya sa yatsa a cikin sawun da ke gabansa. Ga tsagar nan, a hagu.

"Alhamdu lillahi," ya ce.

San huɗa da gefensa ake horar da shi. Wanda ya tashi a dama a ƙarƙashin karkiya, a dama zai mutu, ko ruwa za a kai su sha haka suke jerawa. Manomin da ya hore su ko cikin barci ba zai sauya musu gefe ba. Wanda ya ja shanun nan bai taɓa riƙe garma ba.

Gaba kaɗan, inda hanya ta matse tsakanin itatuwan geza biyu, ƙasa ta tone sosai. Ɗanja ya yi yunƙurin komawa gefensa da ƙarfi, kuma a tsakiyar ramin kofatonsa ga sawun silifas a lotse, da ɗigon jini a kan ganye. Daga nan ƙafar hagun mutumin ba ta ƙara taka ƙasa daidai ba. Da gefen dunduniya yake dogarawa, yana jan ta.

Modibbo ya kama baki. "Ya taka shi."

"Ya ko taka shi da kyau," in ji Makau.

* * *

A tsohon gidan injin niƙan dutse suka same su. Tun shekarar da gubar dalma ta kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum aka watse daga kangon nan, kuma babu ɗan garin da zai bar ko kazarsa ta yi kiwo a ciki. Ɓarawon ya ga wurin da ba kowa, ya ɗauka ya samu maɓoya. Bai tsaya ya tambayi kansa abin da ya kori mutane ba.

Shanun suna ɗaure a jikin wani ƙarfe, har yanzu a juye, ɗaya san, Ɗanfari, yana lasar ƙasa. Makau ya zabura kamar yaro ya fizge kan san.

"Kai, la'ananne! Ba ma sata ba, kashe su zai yi!"

Modibbo ya kwance igiyar. Ana sakinsu Ɗanja ya zagaya ta bayan ɗan'uwansa ya tsaya a dama, ya yi ajiyar zuciya irin ta sa.

"Kai su rahi ka wanke musu baki da ƙahwahu," Makau ya ce. "In ka ji kiran azahar ka shigo da su gari. Ba kahin nan ba."

* * *

Da Makau ya dawo hannu rabbana, fuskar Sa'idu ta mutu. Hayatu ya riga ya tayar da babur, ya kashe, ya sake tayarwa. Naziru yana nan inda aka bar shi, inuwa ta matsa ta bar rabin tabarmar a rana, amma bai matsa ba.

"To, mai ganin ƙasa," ya ce da dariya, "ƙasa ta yi shiru?"

"Ta yi magana kaɗan. Ranka shi daɗe, a share mini ƙohwar zauren ga, a yayyahwa ruwa."

Aka share, aka yayyafa. Mutane suka yi da'ira. Makau ya ce duk wanda ya kwana kusa da turakun nan ko ya zo wurinsu, ya tuɓe takalmi ya taka daga zaure zuwa gindin bedi. Maigari da kansa ya fara, don kada wani ya ce an raina shi. Sa'idu ya bi, sawunsa cikakke. Hayatu ya cire takalmansa ya taka ba musu.

"Saura baƙonmu na Gummi," in ji Makau.

"Ni?" Naziru ya dafa ƙirji. "Ni da aka bi ma haƙƙi? Malam Hayatu, kana gani za a wulaƙanta mai ƙara?"

"Ni ma ai na taka," Hayatu ya ce.

"Ciki na ka ciwo."

"Da ƙahwa za ka taka, ba da ciki ba," in ji Makau. "Tun sahe nike kallonka. Rana ta cim maka, ba ka gusa ba. Maigari ya hito, kowa ya tashi, kai ba ka tashi ba. Kuma duk garin ga kai kaɗai ka zama gaban Maigari da takalmi."

Can masallaci ladan ya ɗaga murya da kiran azahar. Naziru ya dafa bango ya miƙe, ya yi taku ɗaya da dama lafiya. Da ya sauke hagu sai fuskarsa ta yamutse, ya dogara da gefen dunduniya, ya ja ta.

Hayatu ya durƙusa da kansa ya zare takalmin. Safar ta manne da jini. Babban yatsan ya kumbura ya yi baƙi, farcen ya tsage biyu.

"Dutse na yi tuntuɓe da shi," Naziru ya ce.

"Dutse mai kofato," Makau ya ce. "Ka sa Ɗanja a hagu, shi ko bai san hagu ba. Ka ratsa da su ta gehen ruga don a ce Fulani na. Ka yanke igiya don ba ka san ƙulli ba. In an sai da shanu bashi ya mutu, gona ta tsira, ita ko gonar kake so. Juye aljihunka mu ga tsakuwar tudun Sa'idu."

Ba sai da ya juye ba. A daidai lokacin yara suka ɗauki sowa daga bakin gari. Modibbo ne tafe da sandarsa a kafaɗa, babu igiya a hannunsa, shanu biyu suna bin bayansa a jere. Samarin da ɗazu suka fito da gora suka rasa inda za su sa idonsu.

Naziru ya zube a tabarma. Ya ce wasu masu haƙar zinari ne suka yi masa alkawarin kaso in gonar ta fita daga hannun Sa'idu, ya ce da yamma mota za ta zo ta kwashe shanun, ya ce Alhajinsa bai san komai ba. Wannan na ƙarshen Makau bai gaskata ba, bai kuma ƙaryata ba. Ƙasa ba ta gaya masa ba.

* * *

Sa'idu ya rungume wuyan Ɗanja yana kuka a gaban jama'a, ba kunya. Makau ya kau da kai. Shi kaɗai ya riga ya san abin da ke tafe, kuma tun a kangon injin abin yake ci masa rai.

Hayatu ya bari aka yi sallah, aka ɗora Naziru a babur tsakanin mutum biyu. Sannan ya zo ya tsaya gaban Sa'idu, yana murza hularsa a hannu.

"Malam Sa'idu, gonarka ta tsira, kuma duk abin da na gani zan faɗa wa alƙali, har kajin da aka kama maka. Amma hukuncin yana nan. Ba ni da ikon sauya shi. Dole shanun nan su je kasuwar Gummi."

Allah sarki. Ga damina ta sauka, ga gona, babu abin huɗa. Makau ya ji kamar shi ne ya kamo su da hannunsa ya miƙa, kuma gaskiya shi ɗin ne.

Sa'idu ya share fuska da hannun riga. Ya daɗe yana kallon tudun gonarsa da ake hangowa daga nan.

"Baba Makau, kana da hauya ta biyu?"

"Ina da ita. Ina da hannu biyu kuma, ko da sun tsuhwa."

Sa'idu ya gyaɗa kai. Ya ɗauko sabuwar igiya ya zura wa shanun da kansa, ya daidaita su, ya miƙa wa Hayatu bakinta. Har Hayatu ya juya, Sa'idu ya riƙo hannunsa.

"Malam, alhwarma guda. Kada a raba su. Kuma duk wanda yas saye, ka gaya mai Ɗanja a dama shike tahiya."